Dokin Kara

Idan kaka ta yi a ƙasar Matameye, aka yanke gero da dawa, aka ɗaure dami aka kai rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Ba wanda ke yi masa kirari. Amma a shiga gida a duba: dangar da ke tsare mutuncin tsakar gida ta kara ce, gadon da tsohuwa ke miƙe bayanta a kai na kara ne, da shi aka hura wutar tuwon dare, tokarsa kuma aka tace aka zuba a miya. Alƙalamin da almajiri ya fara jan baƙi da shi a kan allo kara ne aka fiƙe. Har cikin magana ya samu wurin zama. In mutum ya kwaso abin da bai san sharrinsa ba, a ce kara da kiyashi, ɗaukar marar sani. In ya keta doka ido na ganin ido, a ce ya yi mata karan tsaye.

Cikin ayyukan kara duka, wanda ya ƙi barin zuciyata shi ne wanda ba ya ƙosar da ciki, ba ya kare gida: doki.

Yaro ya zaɓi kara mai kauri, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa tsumma ko igiyar kaba a madadin linzami, ya ɗare. Shi ne mahayi, shi ne ƙafafun dokin, shi ne mai haniniya. Sai dai karan shi kaɗai ba ya zama doki, sai an faɗi wasu kalmomi biyu da kowane ɗan Bahaushe ya iya tun kafin ya iya ɗaure mazagi: a ce. A ce ni ne sarki. A ce kai ne Galadima. A ce wancan gawon ƙofar birni ce, su wane kuma mahara ne. Ba wanda ya ruɗe a cikinsu, kowa ya san kara kara ne. Yardar da suka yi wa juna ita ke riƙe da dokin a tsaye. Shi ya sa da zarar ɗaya ya ce, "Ban yarda ba, ai tun ɗazu na soke ka," sai ƙura ta lafa, a tsaya shari'a. In ba a sami mai raba gardama ba, kowa ya ja karansa ya nufi gida.

Tatsuniya ƴar uwar wannan wasa ce, amma ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. In kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, aikin yaro ya amsa ya yi shiru. Gizo zai yi abin da ya yi bara, Ƙoƙi za ta sha abin da ta saba sha, ba mai ikon hana kura faɗawa rami. A cikin "a ce" kuwa, mai sauraro shi ne Gizon, kuma ko mai ba da labarin bai san inda za a kwana ba.

A shekarar 1974 wasu mutum biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka buga ƙananan littattafai uku a cikin kwali guda, suka sa musu suna Dungeons & Dragons. Tushen abin yana cikin wasan yaƙi a kan taswira, irin wanda hafsoshin sojan Jamus ke koyon dabara da shi tun 1824, amma in aka tuɓe masa ado, abin da suka yi shi ne sun ɗauki "a ce" na yara suka naɗa masa alƙali. Mutum huɗu ko biyar su zauna. Ɗaya shi ne mai labari, duniyar duka a bakinsa take: shi ke faɗin yadda gari yake, da wanda ke tsaron ƙofa, da abin da ke ɓoye bayan dutse. Sauran kuwa kowa yana riƙe da mutum guda da aka rubuta a takarda, da sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Mai labari ya ce: kun iso bakin rijiya, rana ta kusa faɗuwa, ga sabon sawun dawakai ya nufi gabas, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa. In abin da mutum ya ce zai yi yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata mai fuska shida, wata har mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ya tsallake ko ya faɗi. Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu. A wasan da komai da baki ake yinsa, dole a nemi abin da zai ja wa wannan doki linzami, kuma aikin ƙwayar ke nan.

Na san gidaje da yawa da ba a shiga da ƙwayar ludo, saboda hadisin da ya yi hani ga wasan nardi, da kuma ƙyamar duk abin da ya yi kama da caca. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba ta rainawa ba. Wasan dai ba a zuba kuɗi a cikinsa, kuma ba lallai sai da ƙwaya ba. Tun 1991 aka buga wani mai suna Amber wanda ba a jefa komai a cikinsa, mai labari ne ke auna ƙarfin kowa da dabarar da ya kawo, ya yanke hukunci.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce, in an hau, ina aka nufa?

Shekaru da dama kusan duk masu wannan wasa ƙasa guda suke zuwa, wato Turai ta zamanin da: gidajen sarauta na dutse a kan tsauni, barade cikin sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa, dusar ƙanƙara, macizai masu fukafukai da ke aman wuta, da wasu halittu da aka aro daga littafin Tolkien, The Lord of the Rings, na 1954 da 1955. Ko wurin da jaruman ke haɗuwa kafin su kama hanya, gidan giya ne. Da daɗewa wasu suka ji ƙasar ta yi musu ƙunci. A 1979 aka fitar da Bushido, wanda ya koma Japan ta zamanin mayaƙan takobi. Call of Cthulhu na 1981 ya zaɓi shekarun 1920, zamanin da mota da jarida da bindigar aljihu suka riga suka zo. Al-Qadim na 1992 ya shiga duniyar Dare Dubu da Ɗaya. Afirka ta jira har 2002 kafin a buga Nyambe, sai Spears of the Dawn a 2013. An yi ƙoƙari a cikinsu, ba na musu. Sai dai sun tsinci al'adu daga ko'ina cikin nahiyar suka zuba a ƙwarya guda, suka ƙirƙiri masarautun da ba su da ƙauye ko ɗaya da wani zai ce nan aka binne cibiyar kakana. Wanda ya fi burge ni shi ne Coyote & Crow, na Connor Alexander, ɗan ƙabilar Cherokee, domin ya kafa duniyarsa kacokan a kan "a ce" guda: a ce Turawa ba su taɓa sauka Amurka ba.

Mu ma muna da tamu ƙasar aro, sai dai tana gabas. A buɗe littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da takwarorinsa, waɗanda samari ke saurare a waya har dare ya raba. Birnin Misra ne, ko Farisa, ko Sin, ko Hindu, sadaukai da sunayen Larabawa, gimbiya a cikin bene, matsafi a cikin kogo. Ina son littattafan nan, kuma na san inda suka sha nono: Dare Dubu da Ɗaya ya shigo Hausa a rubuce tun shekarun 1920, ƙissoshin malamai kuwa sun riga shi da ƙarnoni. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Sadaukin da ke sheƙa gudu a Misrar da marubucinsa bai taɓa gani ba, ba ya jin ƙishirwa, ba ya biyan kuɗin fito, ba shi da suruki. Malam Bello Kagara ya nuna wata ƙofa tun 1934 a cikin Ganɗoki: ya fara da yaƙe-yaƙen gaske da aka yi da Nasara a Kwantagora da kewaye, da sunayen sarakunan da mutane suka sani, sannan ya tsallaka da jaruminsa duniyar aljanu. Ƙafa ɗaya a tarihi, ɗaya a almara. Kaɗan ne suka bi shi ta wannan ƙofa.

To, a tsaya a ƙasar Kance, inda Matameye take, a ja shekaru baya zuwa wajen 1860, a duba kowace kusurwa.

Arewa maso gabas ga Zinder, Tanimun ɗan Sulaiman yana kan gadon Damagaram, wanda ya riƙe daga 1851 har 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a cikin gari, yana da rundunar ƴan bindiga. Duk da haka yana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehun Borno, sarautun fadarsa ma da yawa na Barebari ne, su Ciroma da Kaigama da Bellama. Kudu ga Daura, amma Daura ta rabu tun da jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu: Fulani suna birni, zuriyar tsofaffin sarakunan Hausa suna Zango da Ɓaure, kowa yana cewa shi ne mai rijiyar Kusugu. Sai a 1906 Turawan Ingila za su mayar da Malam Musa birnin kakanninsa. Yamma ga Tasawa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ke wasa takubbansu kowane rani. Can ƙasa ga Kano da kasuwar Kurmi. Sama ga Damargu da Abzinawa masu raƙuma, wanda duk bai shirya da su ba, kayansa ba za su ga Agadas ba, balle Gat da Tarabulus. Mutumin Kance yana tsakiya, kowace hanya ya bi a hannun wani sarki daban za ta sauke shi, kuma gaisuwar da ta cece shi jiya tana iya sa a ɗaure shi gobe. Mai neman filin da ƴan wasa za su yi ta zaɓi mai wuya, ba zai sami wanda ya fi wannan ba.

Masu tsara wasannin Turawa sun sha fama wajen neman dalilin da zai sa mayaƙi da matsafi da ɓarawo da malamin addini su yi tafiya tare ba su watse ba. Mu ayari ya gama mana wannan aiki tun tuni. Ga madugu, mai ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, wanda in an yi asara wuyansa ake kamawa. Ga jagaba, wanda ya san rijiyar da ke da ruwa a watan bakwai da wadda ta ƙafe. Ga uban dawaki. Ga malamin ayari, mai rubuta wasiƙa da lissafi, mai zaɓen ranar tashi. Ga fatake kowa da jakunansa, ga ƴan dako, ga matan da ke dafa abinci a zango suna kuma nasu ƙaramin fatauci. Kowa yana da abin da ya iya wanda ɗan'uwansa bai iya ba, kowa kuma yana da abin da yake ɓoyewa a ƙasan mangala. Kayan da suke ɗauke da su ma labari ne: kantun gishirin Bilma, kanwar Manga, jemammun fatu, gashin jimina da ake kaiwa har Turai, baƙaƙen rawunan Kura masu sheƙi, goron Gwanja da sai an yi ta yayyafa masa ruwa ana sake masa ganye.

Ku dubi maganar kuɗi kaɗai. Jarumin wasan Turawa ya kashe dodo, ya cika aljihu da zinariya, ya wuce. A nan kuɗi wuri ne, keso guda wuri 20,000 ne, kuma ba a sa keso a aljihu. Wanda ya yi arziki sai ya nemi dabbar da za ta ɗauka, da mai kora ta, da mai ƙirga, da mai gadi, ga shi duk ɗan fashin da ke dajin ya ji ƙararsa. Dukiya da kanta ta zama matsalar da za a kwana ana warwarewa. Nisa kuma da kwana ake auna shi, daga zango zuwa zango. Ƙofar birni da magariba ake rufe ta, wanda ya makara ya kwana da kuraye. Yaƙi da fatauci na rani ne, in damina ta sauka kowa gona.

Asiri fa? Ba sai mun aro sandar da ke fitar da wuta ba. Bakin mutanenmu cike yake da sunaye: layar zana mai ɓatar da mutum daga ido, baduhu, sagau mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami, kau-da-bara mai karkatar da kibiya, maganin tauri da wuƙa ke lanƙwashewa a kansa, guru da kambu da daga. Abin da ya fi dacewa da wasa a cikinsu shi ne kowanne da sharaɗinsa, kowanne kuma da makarinsa. Akwai abin da mai shi ba ya ci, akwai inda ba ya taka, kuma ranar da abokin gaba ya gano makarin, shi ke nan. Mai labari ba ya bukatar ƙirƙiro doka, doka tana cikin al'adar. Haka dare yake cike da masu shi: Dodo a ƙasan ruwa, Doguwa a gindin kuka ko tsamiya, mutumin da ke rikiɗa ya zama kura, da birnin Jangare da masu bori ke cewa can iskoki ke zaune gida-gida ƙarƙashin sarkinsu. A nan sai an taka a hankali. Bori ba wasa ba ne a wurin masu yinsa, ba wasa ba ne kuma a wurin masu gudunsa. Zargin maita ya raba aure, ya kori tsofaffi daga garuruwansu, har yau bai daina ba. Mai labarin da ya san mutanensa zai san abin da zai sa a gaba da abin da zai bari a bayan danga.

Wani lokaci ma ba a bukatar dodo. Ana ba da labarin cewa Tanimun ya kafa doka a kan gawo, wanda ya sare shi a bakin ransa. Duk manomin Matameye ya san dalili: itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da abinci, ƙarƙashinsa kuma amfani ya fi kyau. Gonakin Matameye da Magarya da Mirya sun sake cika da shi tun shekarun 1980, da manoma suka koma barin tsiron da ya fito da kansa. To, a ce an wayi gari an ga kututturen gawo a gonar maraya, dogaran sarki kuma suna hanya, za su iso jibi. Wa ya sare? Wa ake so a ɗora wa? Wannan ya ishi mutum biyar hira har asuba.

Kada a ɗauka shiga rigar wani baƙon abu ne da za a koya mana. A Zinder manya ma ba su bar wa yara kara ba. Akwai wasan kara, inda matasa ke raba muƙaman masu mulki a tsakaninsu, wannan shugaban ƙasa, wannan minista, wannan gwamna, wannan babban soja, kowa ya kwaikwayi tafiya da murya da shigar mai muƙamin a bainar jama'a. Inoussa Ousseini, ɗan garin, ya ɗauki fim a kansa a 1980. Ƙauyukan Kano da Katsina suna da kalankuwa bayan girbi, da nata gwamna da alƙali da ɗan sanda. Matan fada suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa. Da azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya saiwoyi ya zama mai magani. Ƴan wasan kwaikwayo na Zinder, su Yazi Dogo, sun yi suna ne da wasannin da ake yarda da ƙashin labari kawai, kowa ya zuba maganarsa da kansa. Kama da wane ba ta wane, haka ne, amma mun daɗe da sanin cewa wanda ya ɗauki muryar gwamna na yini guda ya ga wani abu game da mulki da ba ya cikin littafin lakwal. Abin da na lura shi ne yawancin waɗannan wasanni masu ikon yau suke kwaikwaya. Jiya mun bar ta ga maroƙa da malaman tarihi.

Wurin yi kuwa yana nan a kowace unguwa. Samarin da ke zaman fada suna jiran shayi ya nuna, daga na fari har na uku, suna da duk abin da wasan ke nema: mutane, lokaci, baki, da takarda da biro. Ba ya cin lantarki, ba ya cin kuɗin intanet.

Akwai shekaru biyu da nake ganin sun fi kowane zamani cancantar a shige su da "a ce". A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta kewayo, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu 1899, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a Mayu, a Yuli kuma sojojinsu suka juya suka harbe su biyun a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta haɗu da dawakan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Zinder, aka bi Kuran Daga aka kashe shi a Satumba. Duk wanda ya tashi daga Matameye zuwa Zinder ta Takeita sai ya ratsa Tirmini, mafi yawa ba sa ko ɗaga kai. André Salifou ya tattara tarihin daular a littafinsa na 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Duk waɗannan ana karantawa ne ko a kalla, ƙarshensu a rubuce yake.

A aji ana koyar da 1898 da 1899 kamar kowa ya san abin da zai faru. Mutanen da ke zaune a fadar Zinder daren da Cazemajou ke masauki ba su sani ba. A ce kai ne attajiri irin Malam Yaro, kayanka suna hanyar Tarabulus, kana da abokan ciniki da ke tsoron Faransa ta karkatar da fatauci. A ce ke ce uwar sarki. A ce kai ne Kaigama, ka san yawan dawakan da aka rasa a yaƙe-yaƙen da aka yi da Sarkin Kano Alu, ka kuma ji baƙon nan wurin Rabe ya nufa, wanda ya ci Kukawa a 1893. Sarki ya juyo ya ce, me kuka gani? Wanda ya taɓa zama a wannan tabarma, ko da ta wasa ce, ya ji gumin zaɓi ya karyo masa, ba zai ƙara cewa kakanninmu wawaye ne ko waliyyai ba. Da-na-sani ƙeya ce, ba ta gyara komai. "A ce" kuwa tana mayar wa mutanen da abin da tarihi ya ƙwace musu, wato rashin sanin gobe. Har iyakar nan da ta bar Ɗan Barto a Nijar, Kwangwalam a Nijeriya, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne suka ja ta, aka bi aka kafa duwatsu. Mutane ne suka zauna suka zaɓa, kuma da ana iya ja ta wani wurin.

Sai dai ƙasarmu ta jiya tana da nauyin da Misrar littafi ba ta da shi. Ganuwar Tanimun da bindigoginsa ba daga sama suka faɗo ba, bayi na cikin abin da aka sayar aka saye su. James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya ga an shigo da kamammu, yara da mata, bayan wani hari na Sarki Ibrahim. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954, ta faɗi yadda mahara suka kwashe matan gidansu, da yadda aka yi cinikin fansa har cikin da ke jikin mace sai da aka yi masa kuɗi. Samari biyar da za su zauna wasa a Matameye yau, mai yiwuwa cikinsu akwai jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kama, kuma garin bai manta ba. A nan mai labari yake bukatar ɗayan karan, wanda ake yi wa mutum don ganin girmansa: kada a kama sunan gidan kowa, kada a mai da ciwon wani abin dariya. Amma kara ba ta ce a share bayi daga taswira ba. In aka share su, an sake ƙirƙirar wata ƙasar aro ke nan, mai rawani da algaita kawai.

Yara a kan dokin kara kullum rigimarsu wa zai zama sarki. Ni takardar da na fi so in ga an miƙa wa ɗan wasa ta wata mace ce daga wani ƙauye tsakanin Kurni da Tsauni, wajen 1895, wadda mahara suka ɗauke ɗanta a bakin fadama. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi irin wannan uwa har cikin Sahara a Shaihu Umar, amma shi ya zaɓar mata hanya. A takardar tata ba takobi, ba laya. Akwai wuri 30,000 da ta tara da kaɗi da sayar da fura, akwai sunan wani bafatake a unguwar Zango ta Zinder da ya taɓa cin bashin mijinta, akwai labarin da ta ji cewa ayarin arewa zai tashi nan da kwana tara. Ta iya Hausa, tana jin Barbarci kaɗan, ta san ganyen da ke tsai da jini. Wanda ya karɓi wannan takarda, aikinsa na farko shi ne ya zaɓi wanda zai fara durƙusa wa: Sarkin Kance, ko Malam Yaro, ko madugun da ya riga ya fara ɗaure kaya.